Ƙwayoyin Bakteriya Masu Jure Gubar Dalma Da Amfaninsu Wajen Tsaftace Muhalli

Gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a shekarar 2010, sakamakon niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. A 2015 kuma annobar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Matsalar dalma ita ce ba ta ruɓewa. Idan ta gauraya da ƙasa tana nan shekara da shekaru, yara na shaƙar ƙurarta suna kuma haɗiye ta, tana lalata musu ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa masana ke nazarin wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a wuraren da gubar ta kashe sauran ƙananan halittu.

Fitacciya daga cikinsu ita ce Cupriavidus metallidurans, wadda aka gano a wata masana'antar sarrafa ƙarafa a ƙasar Beljiyam a shekarun 1970. Idan dalma ta shiga jikinta, sai ta tunkuɗo ta waje, ta haɗa ta da sinadarin fosfat, ta zama daskararren abu da ba ya narkewa cikin ruwa. Wasu nau'ikan Bacillus da Pseudomonas kuwa suna da wata yauƙi a bayan jikinsu da dalma ke maƙalewa a kai.

Da wannan baiwa ake gwada su wajen tace gurɓataccen ruwan masana'antu, kamar na kamfanonin batir, inda ko matattun ƙwayoyin ma kan riƙe dalmar har a tsame su. A cikin ƙasa kuma suna rage yawan gubar da ke gangarawa rijiyoyi ko shiga saiwar amfanin gona.

Sai dai ƙwayoyin ba sa kawar da dalma, ɗaure ta kawai suke yi, kuma galibin nasarorin a ɗakunan gwaje-gwaje aka same su. A Zamfara, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne, aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka yi wa yaran magani. Don haka kariya mafi inganci har yanzu ita ce nisanta aikin niƙa duwatsu daga gidaje da wuraren wasan yara.