Karkason: birnin da ake ajiye mota a bakin ƙofa, a shiga da ƙafa

A Faransa mutane da yawa suna yin hutu cikin mota mai ɗaki, wadda Faransawa ke kira kamfin-kar. A cikinta akwai gado, murhu, tankin ruwa da makewayi. In nauyinta bai wuce ton 3,5 ba, permi B na ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. Amma duk daɗinta, akwai inda ba ta shiga, kuma tsohon birnin Karkason da ke kudancin ƙasar yana cikin irin waɗannan wurare.

Dalili shi ne an gina shi ne domin hana shiga. Yana bisa tudu a gefen kogin Od, da ganuwa biyu, ɗaya cikin ɗaya, masu tsawon kusan kilomita 3, da hasumiya 52. Lungunansa matsattsu ne, an shimfiɗe su da duwatsu. Don haka matafiyi yakan bar motarsa a filin da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, inda ake biya, ya ɗauki ruwan sha da takalmi mai ƙwari.

Hanya mafi kyau ita ce a taso daga garin ƙasa, Bastid Sen Luwi, wanda aka kafa a ƙarni na 13, a ƙetare tsohuwar gada ta ƙarni na 14. Daga kan gadar ake ganin ganuwar gaba ɗaya. Shiga lungunan birnin kyauta ne. Fadar sarakunan da hawa bisa ganuwa su ne ake yankar musu tikiti.

Duwatsun suna ɗauke da dogon tarihi. Rumawa sun yi ganuwa a nan. Musulmin Andalus sun ci garin a 725, suka riƙe shi har 759. A 1209 rundunar da Paparoma ya tura kan mabiya aƙidar Katar ta kewaye shi ta ƙwace shi. Bayan yarjejeniyar 1659, iyakar Faransa da Sipaniya ta matsa kudu, birnin ya rasa amfaninsa na soja, ya soma zubewa.

A ƙarni na 19 har an yi niyyar rushe shi. Masu kishin tarihi suka tashi tsaye, aka ɗora wa magini Viyole-le-Duk aikin gyara. Wasu sun zarge shi da sa wa hasumiyoyin rufi mai tsini irin na arewacin Faransa. Ke nan ba duk abin da ido ya gani ba ne tsohon gini. Duk da haka UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1997, kamar yadda ta yi wa tsohon garin Agadas a 2013.

Shawara biyu ga mai zuwa. A Yuli da Agusta cunkoso da zafi sun yi yawa, gara a shiga da sassafe. Sannan abincin da yankin ya yi suna da shi, kasule, wake ne da aka saba dafawa da naman alade, sai a tambaya kafin a sa hannu.