Tafin Jama'a Ba Ya Buɗe Iyaka

Wanda ya hangi makaɗi a kan dandamali, jama'a na tafi, sai ya zaci ya gama hutawa. To, ga labarin Mahamadu Sulaimanu, Buzun ƙasar Nijar, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

Yana yaro iyayensa suka ƙi kiɗa, don haka ya harhaɗa jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke. Da ya tasa ya yi ci-rani a Libiya, sa'an nan ya komo yana bin gidajen biki. A 2008 ya zo Sakkwato, aka ɗauki waƙoƙinsa na "Anar". Suka bazu cikin Sahara daga wayar wannan zuwa ta wancan. Suna ya tafi, kuɗi bai zo ba, watau kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Daga baya ƙofar Turai da Amurka ta buɗe, amma wahala ba ta ƙare ba. Ran 26 ga Yuli, 2023, soja suka hamɓare gwamnati a Yamai, shi kuwa da abokansa suna yawon wasa a Amurka. Aka rufe iyaka, hanyar gida ta toshe, iyali na can. Sai da masoya suka yi karo-karo domin masaukinsu da abinci.

Ashe makaɗi ɗan ci-rani ne, jita ce kawai jakarsa. Allah Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, amin.