Dalilin da ya sa fanka ke kuka idan aka haɗa ta da inbata mai araha

A watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura a Jega, Aliero da Maiyama, batir da faifan sola ne madogarar gidaje da shaguna da dama idan aka ɗauke wuta. Sai dai sau da yawa mutum zai kunna inbata, fanka ta kama gurnani, injin firiji ya yi zafi. Wani ya zargi batir, wani ya zargi mai gyara, alhali laifin yana ga siffar wutar da inbatar ke fitarwa.

Wutar NEPA tana zuwa tana komawa sau 50 a daƙiƙa guda, tana hawa da sauka a hankali kamar igiyar ruwa. Ita kuwa wutar batir, mai ƙarfin bolt 12 ko 24, hanya ɗaya take bi. Aikin inbata shi ne ta juya wannan ta koma waccan.

Tana yin haka ne da tiransisto, ɗan makunnin da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, wanda ke buɗe wuta ya rufe ba tare da wani abu ya motsa ba. A inbata mai araha, makunnan suna juya wutar gaba ɗaya, daga wannan ɓangare zuwa wancan, sai ta fito kamar matakalar bene. Wannan fizgar ce ke sa wayoyin da aka naɗe a cikin fanka su riƙa kaɗawa suna zafi.

Inbata mai kyau kuwa tana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, wani bugun ya daɗe, wani ya gajarta. Daga nan kwayil da kwandensa su goge kaifin, wutar ta fito sumul. Irin wannan darasi ne ɗaliban lantarki ke fara koya, ciki har da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006.

Ƙwan fitila da yawancin cajar waya suna jure wa wuta mai matakala. Amma duk abin da ke da injin da ke juyawa, kamar firjin mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Jega, ko famfon ban ruwan manomin albasa a Aliero, ƙarfinsa na raguwa, kuma yana iya ƙonewa kafin lokacinsa.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, a duba ko an rubuta "pure sine wave" a jikin inbatar. Tun da rubutu kan yi ƙarya, a nemi mai shago ya jona fanka a saurara: idan ta yi gurnani, a haƙura. Mai firiji kuma ya tuna cewa injinsa na jan wuta ninki-ninki lokacin tashi, don haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauke shi ba.