Kwarin Gure kamar gidan gandu

Amaryar da aka kai gidan gandu, a makon farko duk fuskoki ɗaya suke a idonta. Sai ta zauna tukuna take gane wa ke riga kowa tashi, wa ke riƙe da rumbu, wace gwaggo ce ba a tsallakewa wajen gaisuwa. Haka sanin tsuntsaye yake a kwaruruwan da ke kewaye da Gure, gabas da Damagaram, inda mutum ke gangarowa daga tudun rairayi ya faɗa inuwar goruba da dabino don shan iska. Ranar farko "tsuntsu" kawai za ka ce. Ka yawaita zuwa, sai sunaye su fara fitowa.

Kurciya ce mai sammako. Balbela ƴar rakiya ce, tana bin sawun shanu tana tsintar farar da kofato ya tayar. Shamuwa kuwa ƴar ci-rani: takan tafi kudancin Afirka, ta dawo wajen watan Mayu ta yi sheƙa a tsakiyar gari. Manomi na ganinta sai ya ɗauko hauya, kuma ba mai jifanta.

To, amma a kowane gida masu aikin madafa ne ba a cika gani ba. Tsaya gindin gawo bayan damina, lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da ganye shi kuwa ya yi shar ya fidda fure. Tun kafin ka ga ƙudan zuma kunnenka zai gaya maka suna nan. Su ke ɗaukar garin fure daga wannan reshe zuwa wancan, har a samu ƴaƴan gawon da awaki ke rububi a tsakiyar rani. Ita kuka da dare ake mata aiki: farin furenta sai bayan magariba yake buɗewa, jemage ya zo lasa. Raina yakan ɓaci in na ga yaro na harbin jemage da danƙo, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa wannan.

Akwai kuma dattijuwar da ɗakinta ya zama kango. Farauta ta ƙarar da jimina a dajin Nijar. Yanzu a Kelle, arewa da Gure, gindin duwatsun Kutus, ake kiwonta cikin shinge da niyyar mayar da ita daji wata rana. Ƙwanta ɗaya ya fi na kaza 20, kuma yaranmu da yawa a tatsuniya kaɗai suka san ta.