Jiragen yaƙin Amurka da suka bi ta Kano, suka kauce wa Damagaram

A cikin damanar shekara ta 1942, wata rundunar jiragen yaƙi ta Amurka ta ratsa ƙasar Hausa a kan hanyarta ta zuwa Masar. Sunanta Runduna ta 57. Ta yada zango a Kano, amma ba ta kuskura ta leƙo sararin Damagaram ba, ko da yake tsakanin biranen biyu bai wuce kilomita 240 ba, tafiyar da jirgi zai yi cikin abin da bai kai awa guda ba.

Dalili kuwa siyasa ce. Bayan da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni na 1940, sai ƙasashen da Faransa ke mulki suka rabu biyu. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle ran 26 ga Agusta na wannan shekara. Babban gwamna Pierre Boisson kuwa, wanda ke zaune a Dakar, ya tsaya bayan gwamnatin Vichy, mai ɗasawa da Jamus, kuma Nijar tana ƙarƙashinsa. Ta haka Damagaram ta zamanin Sarki Barma Mustafa da Kano ta zamanin Sarki Abdullahi Bayero suka wayi gari a ɓangarori biyu na yaƙin da babu wanda ya shawarce su a kansa. Aka tsananta tsaron iyaka. Fataken da suka saba bin hanyar Matamai da Daura tun kaka da kakanni suka koma ƴan fasa-ƙwabri a idon hukuma, tufafi da sukari suka yi wuya a kasuwa.

A can arewa kuma, sojojin Janar Rommel na Jamus sun kama garin Tobruk na Libiya ran 21 ga Yuni na 1942, suka doshi Masar. Ingila ta nemi gudummawa, shugaba Roosevelt ya amsa. To, amma ta ina za a kai jiragen? Bahar Rum ba ta biyuwa saboda abokan gaba, zagaya Afirka ta ruwa kuwa sai an yi makonni da dama.

Sai aka ɗora jirage 72 samfurin P-40, masu inji ɗaya da matuƙi ɗaya, a kan wani babban jirgin ruwa mai suna Ranger. Ran 19 ga Yuli, da ya kusato gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu, jiragen suka tashi daga kansa ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a Akara. Abin da ban tsoro, domin ba don tashi daga kan ruwa aka ƙera su ba. Wanda ya tashi ya tashi ke nan, ba shi da halin komawa, sai dai ya kai tudu.

Daga nan suka bi hanyar da Ingilishi suka buɗe tun 1940 daga Takoradi: Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ake kira Injamena a yau, sa'an nan Janaina, Fashir, Hartum, har Alƙahira. Duk dattijon da ya ji waɗannan sunaye zai gane su. Ai ita ce hanyar da alhazan ƙasar Hausa da Barno suka riƙa bi a ƙasa, da jakuna da raƙuma, wasu su yi shekaru suna noma a hanya kafin su ga Bahar Maliya. Matuƙan Amurka cikin ƴan kwanaki suka shafe ta, ƙungiya ƙungiya. A wannan hanya akan sa wani babban jirgi gaba ya yi jagora, don ƙananan ba su da mai duba taswira, ga hadarin damana, ga daji wanda in mutum ya faɗi cikinsa da wuya a same shi. Jirage fiye da 5,000 suka bi ta kafin ƙarshen 1943. Jamusawa ma sun san darajarta: a watan Janairu na 1942 wani jirginsu ya tsallako Sahara ya jefa bom a Fort-Lamy, ya ƙone ma'ajiyar mai.

Rundunar ta kasu kashi uku, na 64 da na 65 da na 66. Na 64 suka raɗa wa kansu Baƙaƙen Kunamu, na 65 kuma Zakarun Faɗa. Sun shiga yaƙin El Alamein tare da sojan saman Ingila a watan Oktoba na 1942, suka bi sawun Rommel har Tunisiya. Ranar da ta fito da sunansu ita ce 18 ga Afrilu na 1943, lokacin da suka yi kiciɓis da ayarin jiragen dakon kaya na Jamus suna tafe ƙasa ƙasa bisa teku, kusa da Cap Bon. Amurkawa sun ce sun kakkaɓo fiye da 70. Takardun Jamusawa sun nuna abin bai kai haka ba, kuma dama kowane mayaƙi yakan ƙara wa labarinsa gishiri. Duk da haka ɓarnar ta yi yawa, kuma cikin watan Mayu sojojin Jamus da Italiya da ke Tunisiya suka miƙa wuya. Daga baya rundunar ta yi yaƙi a Italiya da tsibirin Korsika da sababbin jirage samfurin P-47, aka sallame ta a ƙarshen 1945.

Ita kuwa Nijar, sai da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya ran 8 ga Nuwamba na 1942 sa'an nan Boisson ya juya baya ga Vichy, kafin watan ya ƙare. A lokacin Runduna ta 57 ta yi kusan wata huɗu da wuce Kano.