Darasin Sinadarai Daga Madafin Magariya

Ɗalibin Magariya ko Dungas da ke shirin jarrabawar BAC ya saba da asid da baz tun kafin ya ji sunansu a aji. Tsamiya asid ce, kanwa baz ce. A jiƙa tsamiya, a jefa mata gutsuren kanwa, nan take kumfa ya taso, iskar CO2 ke fita. A zuba ruwan kanwa cikin zoɓo, jan nan ya dushe ya yi duhu, domin ma'aunin pH ya haura 7.

Wasu za su ce ai da Faransanci ake jarrabawar, lissafi kuma ake tambaya. Gaskiya ne, dole a zauna a yi ta warware tambayoyin shekarun baya. Sai dai wanda ya ga kumfan da idonsa ya san abin da lissafin ke aunawa, ko an juya masa tambaya ba zai rikice ba.