Daɓen Dutsen Sileti: Kuɗin Kariya Kaɗan Ne, Asarar Gaggawa Babba Ce

LEGAS — Dutsen sileti na daga cikin kayan daɓe masu tsada da masu ginin gidaje ke saye a Legas da Abuja da Fatakwal, domin akasari daga ƙasashen waje ake shigo da shi, musamman Indiya da Sin da Barazil. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni na shekarar 2023, farashin kayan ginin da ake biya da dala ya ɗaga ƙwarai. Saboda haka daɓen da ya ɓaci a watansa na farko asara ce da ba kowane mai gida zai iya mayarwa ba.

Sileti asalinsa laka ce wadda zafi da nauyin ƙasa suka matse tsawon miliyoyin shekaru har ta zama dutse mai tsagewa falle-falle. Da shi ake yin allon 'yan firamare a da. Bambancinsa da tayil na tangaran shi ne ba shi da rufin gilashi a fuskarsa, yana da ƙananan kafofi masu shan ruwa da maiko. Manja ko shayi in ya zuba ya jima, sai ya shige ciki ya zama tabo. Maganin wannan shi ne shafa wani ruwan magani da magina ke kira sila, wanda ke toshe kafofin.

Sila iri biyu ce. Akwai mai shiga cikin dutsen, wadda ke barin launinsa kamar yadda yake. Akwai kuma mai kwanciya a sama, wadda ke ba da sheƙi, amma tana saurin ɓarewa a wurin da ake yawan takawa, kuma tana santsi in ta jiƙe. Ta farkon ta fi dacewa da kicin da banɗaki.

Mafi yawan ɓarnar daga gaggawa take fitowa. Sumunti yakan ɗauki kimanin kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma a garuruwan kudu damina tana jinkirta bushewarsa. Idan aka shimfiɗa dutse aka rufe shi da sila alhali ƙasan na da danshi, gishirin sumunti yana tasowa ya taru ƙarƙashin rufin ya zama farin dabbare, wanda ba ya fita sai an kankare silar duka. Hanyar da ta dace ita ce a bari ƙasa ta bushe, a shimfiɗa dutsen, a yi masa shafi ɗaya kafin a cike tsakaninsa da sumunti, don kada sumuntin ya kama fuskarsa. Bayan kwana biyu zuwa uku sai a wanke, a bari ya bushe sarai, sannan a yi shafi na biyu siriri, a goge rarar kafin ta daskare.

Wani haɗarin kuma shi ne al'adar masu sa tayil ta wanke sabon daɓe da asid. Asid yana cin sumuntin tsakani, yana dusashe launin sileti, yana kuma iya fito da tsatsa daga sinadarin ƙarfen da ke cikin wasu duwatsun. Haka lemon tsami da binega suke, ko da yake ƙarfinsu bai kai ba. Ruwa da sabulu marar kaifi sun wadatar.

A lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, domin yashin da ke cikinta ya fi sileti tauri, kuma takalmi yana gurza shi a kan daɓen. Shara da tsintsiya mai laushi kullum, da ajiye tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, suna ƙara wa silar kwana.

Gwajin sanin lokacin sabunta shafi ba ya cin ko kwabo: a ɗiga ruwa a kan dutsen. In ya tsaya dunƙule, rufin na nan. In dutsen ya sha ya yi duhu cikin 'yan mintoci, lokaci ya yi.

Kuɗin sila ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin dutsen da ladan aikinsa. Mai gidan da ya sa shi cikin kasafin gini tun farko, ya kuma ba magina lokacin bushewa, zai mori daɓensa shekaru masu yawa.